Yadda Za Ka Ɗumama Banɗaki a Gidan da Ba Mai Jin Sanyi

In kana gyaran gida har ka iso kan banɗaki, ka zo inda ya dace. Bi matakan nan bakwai ba tsallake, na yi maka alkawarin za ka yi aiki ɗaya sau biyu, ka sha kunya a gaban danginka, daga ƙarshe kuma ƙafarka ta ji ɗumi. Ba a littafi na karanta ba. A gidana na Huonville, a tsibirin Tasmania, na gwada bara, a kan mahaifina.

Sunansa Clarrie, shekararsa tamanin da huɗu, noman tuffa ya yi duk rayuwarsa. Ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu, aka sa masa ƙarfe. Yayata Glenys ta kira daga Brisbane ta ce ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi a Hobart. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce ina raye ubana ba zai kwana a hannun baƙi ba. Muka tsaya a kan cewa in ya wuce sanyin shekarar a gidana yana kula da kansa, bai sake faɗuwa ba, ya zauna. In ba haka ba, maganar Glenys za a bi. Dalilin da ya sa na rushe tsohon banɗakin ke nan.

1. Fara aikin a watan Janairu

Wannan shi ne ginshiƙi, domin a wurinmu Janairu ne tsakiyar zafi, Yuli kuma tsakiyar sanyi. Duk shawarar da ta shafi sanyi, ka yanke ta a tsakiyar zafi, kana sanye da gajeren wando da silifa, gumi na bin bayanka. A irin wannan rana in wani ya ambaci Yuli, ji za ka yi kamar labarin wata ƙasa yake ba ka. Mu mutanen Tasmania muna da wata baiwa: kowace shekara sanyi sai ya zo, kowace shekara kuma sai mun yi mamaki.

2. Tara ilimi, amma kada ka taɓa shi

Hanyoyin huɗu ne. Akwai wayar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tayil ta ɗumama ƙasa, akwai hitar bango, akwai ƙarfen rataye tawul mai ɗaukar zafi, sai fitilar silin mai manyan ƙwai huɗu. Kwaso takardun tallansu duka, ka baje a teburin cin abinci mako uku, ka riƙa ja musu layi da biro don a san kana nazari.

Matata Maree ba ta karanta ko ɗaya ba. Tana wucewa da kwandon wanki ta ce a sa na ƙasa, tsoho ta ƙafa sanyi ke shigarsa. In taka ta faɗi haka, ce mata za a duba. Shawarar da aka samu a tsaye, ba a ja mata layi ba, ai ba shawara ba ce.

3. Tambayi wanda ba zai taɓa faɗa maka gaskiya ba

Tunda don tsoho ake aikin, je ka tambaye shi. Kada ka tuna cewa mutumin nan ko ƙanƙara ta rufe ciyawa da gajeren wando yake fita, dogon wando kuwa sau biyu na gan shi da shi, ranar aurena da ranar da muka binne mahaifiyata.

Na same shi a baranda na ce, "Baba, me kake so a sa maka na ɗumi a banɗakin?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ɗumi? Ƙwai zan ƙyanƙyashe a ciki? Kai yaro, a gidanmu ba a jin sanyi. Kakanka a kogi yake wanka."

Kakan nawa ciwon huhu ne ya kashe shi, amma ba a tayar da wannan zance. Sai na ji wani alfahari ya cika min ƙirji, na koma na shaida wa Maree cewa mai banɗaki ya yi magana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

4. Ja ƙafa har tayil ya sauka

Dougal mai tayil sau uku yana tuna min cewa wayar ƙasa kafin tayil ake sa ta, in ya rufe ya rufe. Ranar ƙarshe ya tsaya da cokalin siminti a hannu ya ce, "Trev, ka tabbata? Ni ba na son dawowa gida da guduma."

Yi masa dariya. Ce masa ku ba 'yan birni ba ne irin mutanen Melbourne. Ni haka na ce, har da dafa masa kafaɗa.

5. Sayi fitilar silin don toshe bakin matarka

Ita ce irin wadda ake kunna wa soyayyen dankali a shago don kada ya huce, kuma aikinta ke nan. In kana da sanƙo kamar ni, minti biyu ya isa ka ji ƙamshin kanka. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa babu labari. Na shiga ranar farko a watan Yuni, tafin ƙafata ya taɓa tayil, na ambaci sunayen da ban san na riƙe ba. Na fito ina murmushi na ce wa Maree abin ya yi daidai.

6. Kada ka ga abin da kake gani

Yuli zai zo. Za ka lura sabulun tsoho ba ya raguwa, tawul ɗinsa kullum a bushe, turaren aski kuma ya ƙaru har karen gida na atishawa. Za ka ji shawa na zuba minti biyar kowace safiya, ya fito gashinsa ko ɗigo babu. Kau da kai. Ai mutumin ya ce ba ya jin sanyi.

Wata Laraba na dawo gida da rana ɗaukar abin da na manta. Na tura ƙofar kicin na tarar da ubana gaban murhun itace, daga shi sai tawul, da roba cike da ruwan zafi daga buta. Hannu ɗaya ya riƙe bayan kujera, ya ɗaga ƙafa yana neman cuɗa ta, ƙafar ƙarfen ce ke ɗauke da shi tana rawa, ƙasa kuma duk ruwan sabulu. Haƙarƙarinsa ana iya ƙirgawa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kunya kuma ta biyo baya, domin ni na jawo.

Ya ce, "Nan ya fi haske."

Na ce haka ne, Baba. Na riƙe masa gwiwar hannu har ya gama.

7. Ɗauki laifin da bakinka

Yanzu ka san dole a fasa tayil. Matsalar ita ce in ka ce don shi ne, zai gwammace ya tafi Hobart da ya amsa. In kuma ka yi shiru, ƙugu na biyu na nan tafe.

Ranar Lahadi Glenys ta sauka. Kafin a zuba abinci ta zaga banɗakin, na gan ta tana murza tawul ɗin Baba da yatsu biyu. Ta dawo teburi ta zauna, ta ajiye cokali, ta gyara murya. Na san abin da ke bakinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai na riga ta.

"Baba, ina da magana. Ni sanyi nake ji. Banɗakin nan ya fi ƙarfina, Dougal zai zo ya fasa a sa wayar ƙasa."

Maree ta sunkuyar da kai cikin farantinta, tana danne dariya. Baba ya daɗe yana kallona, kuma na rantse ya gane sarai.

"Dama tun kana ƙarami jikinka ba ƙwari," in ji shi. "Dangin uwarka ka biyo. To a sa maka, kada ka mutu mana." Sai ya juya wajen Glenys. "Kin gani ko? Ki ce wa mutanen Hobart su ba wani ɗakin. In na tafi, wa zai kula da wannan?"

Glenys ta dube ni, ta dubi tsohon, ta ɗauki cokalinta. Ta ce a miƙo mata dankali.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin komai ba. In tayil ɗinka ya tafi a banza, in mai gudumar ya yi aikinsa yana fito ba tare da ya ce maka komai ba, in labari ya zaga gari har mai sayar da nama ya riƙa tambayarka ko ka sa safa yau, duk kai ka jiyo. Kada ka kira ni, musamman da safe. A lokacin ina zaune a dandamalin ƙofar banɗaki da tawul a kafaɗa, na makara wurin aiki, ina jiran wani mutum da ba ya jin sanyi ya gama wankan minti arba'in. Ina jin ruwa na sauka a kansa, yana rera wata tsohuwar waƙa da muryar da ban ji ba tun rasuwar mahaifiyata. Ba na ƙwanƙwasawa.