Firintar Hajiya da Jif ɗin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so in manta, da ranar da cinikin kwamfuta ashirin da biyar, firinta huɗu, da aikin haɗa su baki ɗaya ya rataya a wuyan wata 'yar firinta guda ɗaya a Gwarinpa. Shi ne ciniki mafi girma da ya taɓa leƙo shagona. Lokacin ne kuɗin mai ke yawo a Abuja, ko'ina ka duba gini ake yi, duk wanda ya samu fili sai ya buɗe otal ko makaranta. Hajiya makaranta ta buɗe a hanyar Dutse Alhaji, tana so ta cika ɗakin kwamfuta kafin a koma hutu.

Bari in faɗa muku ko ni wane ne, don ku san daga inda na faɗo. Da tebur na fara a bakin tashar Nyanya, ina sayar da caja da filash da batirin waya. Allah ya buɗa, na kama shago a Wuse, na koma kwamfuta da firinta. Ranar da mai rubutun allo ya tambaye ni me zai sa a gaban sunana, sai na ce ya sa Injiniya. (Ban taɓa shiga ajin injiniya ba, ko don fakewa ruwan sama.) Abin da na iya a hannu na koya, kuma gaskiya yana ci da ni. Inda ilimi ya ƙare, baki ya karɓa.

Ina kuma da wata dabara da nake alfahari da ita. Duk gidan da na sa wa rauta, wato 'yar na'urar nan mai raba intanet a gida, sunan shagona nake sa wa waifai ɗin, lambar sirri kuma lambar wayata. Maƙwabci ya buɗe wayarsa ya ga sunan shago, talla kyauta. Mai gida kuma dole ya haddace lambata ko yana so ko ba ya so. Har abokan kasuwa nake yi wa gori da wannan basira.

To, gidan Hajiya irin tagwayen benayen nan ne masu bango ɗaya. A ɗaya ɓangaren akwai wata Madam 'yar kudu mai Hausar 'yan koyo, mai sana'ar girkin biki, wadda na riƙa kai wa kaya tun da daɗewa, ita ce ma ta haɗa ni da Hajiya. Na kai wa Hajiya rauta da firinta mai kala, na haɗa firintar da babbar kwamfutar ɗakin karatu mai Windows da kebul, ta yi aiki tsaf, na tafi. Bayan 'yan kwanaki sai ga kiranta.

"Injiniya, laftof ɗina fa ta ƙi firintar nan. Kullum sai na kwashe aiki a filash na kai waccan kwamfutar. Ka zo ka haɗa su. In ka iya na gida, na makaranta naka ne. In kwamfuta biyu sun gagare ka, ka ga ba zan ba ka ashirin da biyar ba."

Na ce, "Hajiya, wannan ai aikin shan shayi ne."

Da na isa bayan azahar, na tarar laftof ɗin Mac ce, irin sirara masu tsadar nan. Na sha sayar da su, amma ban taɓa zama na yi hulɗa da ɗaya ba. Duk abin da na saba gani a dama, su a hagu suka ajiye shi. Na dake, na gyara zaman hula, na hau sama ɗakin karatu, Hajiya na biye da ni.

Na fara da ɓangaren da na sani. Na shiga Windows na buɗe wa firintar ƙofa, yadda sauran kwamfutocin gidan za su iya aiko mata aiki. Sannan na dawo kan Mac na yi ta laluben inda ake ƙara firinta, ina yi ina gyaɗa kai kamar mai tuna wani abu. Da na samu wurin, sai ga sunan firinta ya bayyana da kansa, samfurin nan dai, lamba da lamba. Wani daɗi ya rufe ni.

"Kin gani, Hajiya? Hannu ya san hannu. Tana ganina ta fito."

Na rubuta "gwaji" a farar takarda na danna. Mac ta nuna aiki ya tafi, ta nuna ya gama. Muka juya muka zuba wa firinta ido. Shiru. Ko tari ba ta yi ba.

Na sake dannawa. Aiki ya tafi, aiki ya gama, firinta na zaune kamar ba da ita ake ba. Na kashe ta na kunna. Na kashe Windows na kunna. Na sauka ƙasa na zare wutar rauta na mayar, na hawo ina haki. Na zare kebul na hura masa iska (ban san amfanin wannan ba, amma duk mai gyara yana yi). Daga Windows takarda na fita kamar ruwa, daga Mac kuwa sai alkawari.

Da na ga Hajiya ta fara duba agogo, sai na buɗe baki, wanda shi ne babban makamina.

"Hajiya, abin da ba kowa ya sani ba, Mac da Windows ba sa ga maciji. Gaba ce tsohuwa. Ita wannan girman kai gare ta, ba ta son ta roƙi waccan alfarma. Sai an bi su a hankali, kamar sasanta dangi a rabon gado."

"To ka sasanta su. Ni zan sauka, Alhaji ya dawo. Amma kada ka buɗe min takardun makaranta, akwai sakamakon yara a ciki."

Ta fita ta bar ni da su. Sai wani tunani ya zo min, irin tunanin da ke zuwa wa mutum idan asirinsa ya kusa tonuwa. Na ce wataƙila rubutu ne ba ya wucewa, bari in gwada hoto. Tunda an hana ni taɓa kayan Hajiya, sai na ciro filash ɗina. Hoto ɗaya ne a ciki, wanda nake shirin kai wa masu buga kalandar shago ta sabuwar shekara.

Dole in yi muku bayanin hoton nan, duk da ba na so. Ranar da na fara kawo kaya gidan, na tarar da jif ɗin Alhaji baƙa wul, an wanke ta tana ƙyalli. Babu kowa a tsakar gida sai mai gadi. Na miƙa masa wayata, na sa baƙin gilashi, na ɗora ƙafa ɗaya a kan taya, na jingina gwiwar hannu a kan bonet, na ɗaga makulli sama ina murmushin wanda ya gama da duniya. (Makullin kwaɗon shagona ne.) A raina kuwa, wa zai sani? Kwastoma na son ya ga dila ya ci gaba.

Na tabbata ba zai fito ba, in ma ya fito ina tsaye a bakin firinta, aljihu zai wuce. Na danna. Shiru. Na ƙara girmansa ya cika takarda, na danna. Na canza wani abu da ban san ko mene ne ba, na danna. Haushi ya kama ni, na sa kwafi goma, na danna, na kuma dannawa. Ban ƙirga ba. Mai neman kuka ne aka jefe shi da kashin awaki, ni da yatsana muka yi ta yi.

Ina cikin share gumi sai na ji ana buga ƙofar falo da ƙarfi, na kuma ji muryar da na sani.

"Hajiya! Hajiya, kina ciki? Zo ki gani abin da ya same ni!"

Can sai Hajiya ta ɗaga murya: "Injiniya, ɗan sauko."

Na sauko da fara'ata, a zatona Madam wani cinikin ta kawo. Na tarar da ita tsaye a tsakiyar falo da atamfar girki a ƙugu, ta rungumo takardu tuli guda. Alhaji na zaune a kujera da jarida, mutum ne babba a wata ma'aikatar tarayya, ba shi da yawan magana. Madam na ganina ta saki baki.

"Oga! Kana nan? To yaya ka shiga firinta na?"

Ta baje takardun a kan teburin tsakiya. Jama'a, ni ne. Ni a sama, ni a ƙasa, ni a kan kafet inda wasu suka zame. Ga gilashi, ga ƙafa a kan taya, ga makulli. Na farkon sun fito da kala raɗau, har lambar motar ana karantawa. Na tsakiya na fara komawa kore. Na ƙarshe tawada ta ƙare, saura haƙorana da taya.

"Ina kicin, na ji firinta yana aiki shi kaɗai," in ji Madam. "Na ce jinin Yesu! Na je, na ga mutum yana fitowa, yana fitowa, ba ya tsayawa. Kuma kwali ne na sa a ciki, mai tsada, na jerin abincin bikin Asabar. Duka ya cinye!"

Alhaji ya ajiye jarida, ya ɗauki guda ɗaya daga masu kyan, ya gyara tabarau. Ya daɗe yana kallo. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na riga ta shiga.

"Masha Allah," ya ce a hankali. "Hajiya, ashe an sayar da motata ba a gaya min ba. Injiniya, Allah ya sa alheri. Sai dai gobe in ba za ka fita ba, ka ɗan ara min in je ofis."

Na buɗe baki, makamin nan da bai taɓa ba ni kunya ba, na ji abin da ya fito shi ne, "Ranka ya daɗe, ai kalanda ce."

"Kalanda," in ji Alhaji, ya gyaɗa kai kamar na faɗi wata hikima.

Hajiya ba ta yi dariya ba. 'Yar kasuwa ce, ita lissafi take yi. Ta dubi takardun, ta dubi bangon da ya raba gidajen biyu, ta dube ni.

"Madam, firintarki irin wacce ce?"

"Irin naki ne. Shi ne ya kawo."

"Waifai ɗinki fa, wane suna gare shi?"

Madam ta faɗi sunan shagona.

"Lambar sirrin fa?"

Madam ta fara karanto lambar wayata, tana kaiwa rabi Hajiya ta karɓa ta ƙarasa mata.

A nan komai ya warware min, a makare. Rautar Hajiya na ƙasa, ta Madam kuwa na sama, jikin bangon ɗakin karatun nan. Suna ɗaya, lambar sirri ɗaya. Mac ta ga biyu iri ɗaya ta kama wadda ta fi ƙarfi, ta shige gidan maƙwabta, ta tarar da firinta irin wadda nake nema, mai aiki ba kebul, ta miƙo min. Baiwar Allah duk abin da na ce ta yi. Ita da na gama yi wa sharrin girman kai, ashe ita kaɗai ce a ɗakin ta san abin da take yi.

Madam ta dafe ƙirji. "Shi ya sa data na yana ƙarewa kamar ruwa! Ina ta zagin yara na!"

Hajiya ta ce, "Gidaje nawa ka yi wa haka a Abuja?"

Na ce, "Hajiya, da ɗan dama."

"Wato duk wanda ya san lambar wayarka yana da makullin gidana."

Lambar kuwa tana nan rubuce a allon shagona da manyan baƙaƙe.

Gyaran kansa, abin takaici, bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na canza sunan waifai ɗin Hajiya, ta sa lambar sirri da hannunta (ta sa na juya baya). Mac ta dawo gida, ta hango firintar da ke jikin Windows, na rubuta "gwaji", takarda ta fito salin alin. Babu wanda ya tafa.

Ga yadda lissafi ya tsaya. Kwamfuta ashirin da biyar ɗin, Hajiya ta saya a wurina, don ta ce farashina gaskiya ne ko da hotona ba gaskiya ba ne. Aikin haɗawa kuwa, inda romon yake, wani ta ba, ina tsaye ina sauke kwalaye yana shigewa da jakarsa. Firinta huɗun ma ta fasa. Na saya wa Madam tawada da kwali, na biya mata datar wata, na kuma bi gidajen kwastomomi daga Kubwa har Mararaba ina canza lambobi da man motata, ina ce musu sabon tsarin tsaro ne ya fito. Kalandar shekarar nan hoton firinta aka sa. Alhaji ya riƙe kwafi ɗaya, kuma har yau in muka haɗu a masallacin Juma'a sai ya tambaye ni lafiyar mota.

Abin da na tsira da shi bai fi cikin cokali ba, amma na biya shi da tsada, don haka ku karɓa kyauta. In ka danna abu ya ce ya tafi, kai kuma ba ka gan shi ba, to ya tafi ɗin. Kada ka sake dannawa, tashi ka tambayi maƙwabta.