Babba Ba Ya Fara Kira

"Kaka, mun same ku lafiya? Wannan fuska haka, kamar an ƙwace maka gona?"

Da-som ce, ko takalmi ba ta gama cirewa ba. Kakanta Man-bok yana zaune gaban tsohuwar kwamfutarsa, wadda in ta tashi sai ka rantse injin markaɗe ne. Shekara da shekaru da ita yake buga baduk, darar nan ta duwatsu baƙaƙe da farare, shi da amininsa Chun-sik, wanda ciwon ƙafa ya zaunar a tsibirin Jeju. Tun da jikar nan ta canza akwatin intanet na gidan, kiran Chun-sik bai sake shigowa ba. Tsoho dai ba zai faɗa ba, amma tsoro yake ji kar a ce aminin ya riga shi tafiya.

"Ga ɓarauniyar abokai ta iso," in ji shi. "Ke da aka haifa jiya da yamma, kin zo kin toshe min ƙofa."

"Ni na toshe? Tsufa ya kashe wancan akwatin, saura mai shi."

"Sai na aurar da jikokinki, mai kai kamar kabewa!"

"Da waɗanne haƙoran za ka ci naman bikin?"

Ya yi tsaki. "Ku dai kun lalata duniya. A zamaninmu waya ɗaya ce a duk unguwa, a shagon kakarki. Da ita ake kira, da ita ake amsawa. In ta yi ƙara sai kakarki ta leƙo ta ƙwala wa mutum kira, ya taho a guje ba takalmi." Muryarsa ta yi ƙasa, don kewar marigayiyar ba ta taɓa sakinsa ba.

Da-som ta zauna kusa da shi. "Ai wasan naku ma haka yake, Kaka. Adireshi ɗaya, ƙofa ɗaya, ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Sabon akwatin ne ke da halin maigadi, ba ya barin baƙo ya shigo sai ɗan gida ya fara fita nemansa ta wannan ƙofar. Danna kira kawai, ta buɗe masa."

"Ni? Na girme shi da shekara guda cur! Ƙani ke neman wa. Tun muna soja da hannu biyu yake zuba min abin sha don girmamawa."

"Girman kai rawanin tsiya."

"Gara rawanin da kan kabewa."

"Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. In kuma yana can yana ta ƙwanƙwasawa, yana zaton kai ka rufe masa fa?"

Tsoho ya juya ga kwamfutar. Ya daɗe yana hararar allon, sannan ya miƙa yatsa ya danna. Ko janye hannu bai yi ba muryar Chun-sik ta faso ɗakin.

"Yaya! Ashe kana raye? Kullum sai na ƙwanƙwasa, har na fara yi maka kuka!"

Man-bok ya fashe da dariya, hawaye na bin kumatunsa. Ya tura wa Da-som kwanon gasasshen dankalin da yake ta ɓoyewa a bayansa.

"Kin ci, 'yar banza, kwashe duka." Ya juya ga allon yana share ido. "Kai kuma maza ɗauki baƙaƙen duwatsun ka fara wasa. Na fara kira yau, ba zan fara komai ba kuma."