Tunau da Tukunyar Gayya

Ku 'yan yanzu, ko kunu aka ce ku dama sai ya fito kamar ruwan wanki, amma baki ya fi na kowa. Ku zauna ku ji. Mu tsofaffi ma da muke muku faɗa, ba kullum muke da gaskiya ba, faɗi ne kawai ba ma yi.

A ƙauyenmu na Maguzawa an yi wata Tambai, mai dafa burukutu, mai faɗa irina. Mijinta Tunau ƙato ne mai ƙarfi, sai dai abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Gona ɗaya suke da ita, ta fi ƙarfin mutum biyu, sai da gayya ake nome ta. Gayya kuwa giya ke kawo ta. Wata shekara Tambai ta tsinka giyar da ruwa don ta isa, sarkin noma ya ce in ta sake, za su ɗauki fartanyoyinsu su bar mata ciyawarta.

Wata rana ta niƙa tsiron dawa, ƙullu ya yi kauri, ta ce Tunau ya riƙa zuba ruwa har sai ta ce ya isa. Sai maƙwabciya ta leƙo da gulma, Tambai ta fita ji. Tunau ya ƙarar da randa, ya je rijiya sau biyar. Ta dawo ta tarar ƙullu ya malale tsakar gida, agwagi na wanka a ciki. Ta ɗora hannu a ka. Ya tambaye ta ko ya isa, don kafaɗarsa ta gaji.

Wata rana kuma ta ce ba za a sake haka ba. Ta tsoma yatsa a tukunya ta nuna masa: ruwa ya tsaya a gaɓar yatsanta ta biyu, saman ƙullu. Ta tafi gaisuwar mutuwa ƙauyen gaba. Ana tsakiyar kuka sai ga Tunau ya ratso mata, ya durƙusa.

"Tambai, yatsan na zo ɗauka."

Ta ce ai yana da nasa. Ya ce nata ta ce. Kafin su iso gida ƙullun da ya bari a kan wuta ya kama, ana jin ƙaurinsa tun daga bakin rafi.

Dawa ta ragu, gayya ta matso. Giyar da ta samu ta mutum goma sha biyar ce, masu zuwa talatin. Tambai ta ɓoye tulu uku na ruwa bayan rumbu, ta ce a ranta wannan karon kaɗan-kaɗan za ta yi, ba mai ganewa. Don kada 'yan ɗanɗane su rage mata, ta zaunar da Tunau gaban tukunya da muciya, ta ce kada kowa ya taɓa. Ya ce kowa? Ta ce ko uwarsa ce ta taso daga kabari.

Da hantsi ta zo da tulun farko. Tunau ya gitta muciya.

"Kai, ni ce fa."

"Na gan ki. Kowa kika ce."

Ta zage shi, ta lallashe shi, ta yi masa alkawarin nama. Bai motsa ba har masu gayya suka sauko hutu. Rabin ƙwarya kowa ya samu, amma sarkin noma ya kurɓa ya lumshe ido, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana saurayi. Kafin la'asar sun nome gonar tas.

Da aka yaba wa Tambai, Tunau ya ce ai saura kaɗan ta zuba ruwa, tulunan na bayan rumbu. Sarkin noma ya yanke hukunci: ta durƙusa gaban mijinta ta gode masa, a idon maza talatin. Ta durƙusa. Sai da aka sa ta maimaita godiyar, don na farkon ba wanda ya ji.