Saiwar Kakata da Na Tafasa

Shekarata ta ƙarshe a jami'a a Mubi, na ɗauki aikin bincike kan wata saiwa da kakata take ba mata masu zafin fitsari a Gella. Da za ta ba ni ta ce, "Jiƙawa ake yi a ruwan sanyi, maigida. Kar wuta ta gan ta."

Na yi murmushi irin na masu farar riga. Tsohuwar da ba ta taɓa ganin ƙwayar cuta ba, ita za ta koya mini? Ina isa ɗakin gwaji na tafasa saiwar sosai, wai don tsafta. Na ɗiga ruwan a farantin ƙwayoyin cuta. Ko gezau ba su yi ba.

Ranar Asabar na je Gella, na same ta da mata huɗu a tsakar gida, na sanar da sakamako: "Kaka, maganinki ruwan banza ne."

Ta kife ƙwaryar jiƙon da ke gabanta. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Sai bayan wata biyu malamina ya tambaye ni yadda na haɗa maganin, na ce tafasawa na yi. Ya dafe kai. Muka sake da jiƙo, ƙwayoyin suka mutu.

A lokacin an yi kwana tara da binne Kaka.

Har yau in na sauka daga mota a Gella, tsofaffin ƙawayenta cewa suke, "Sannu da zuwa, Mai Tafasa." Amsawa nake yi.