Kafinta da Jan Maɓalli

Wani kafinta ne a Tudun Wada, yana da injin tsaga katako da ya girme shi. Injin ba shi da makunni. Wayoyi biyu ne tsirara a jikin bango: in zai kunna ya haɗa bakinsu, in zai kashe ya sa sanda ya raba su. In aka ɗauke wuta yana cikin aiki, a haɗe yake barin su ya koma benci. Da an dawo da ita injin zai kama ruri, duk layin su san wuta ta zo. Maƙwabcinsa Nagoda mai aski ko ƙwan shagonsa ba ya dubawa, kunne kawai yake kasawa.

Injin nan ya ci masa riguna uku. Ta ukun yana zaune ne a kan teburin injin yana cin rogo da ƙuli aka kawo wuta. Zarto ya tafi da bayan riga har da rabin wando, gogan ya koma gida yana kare bayansa da falanki. Matarsa Ishatu ta ce saura babbar riga ɗaya a akwati, ta shadda, wadda yayanta ya ba shi. Ta rantse in injin ya yaga ta, da zaninta zai riƙa fita. Ya kuwa san ba ta rantsuwar banza.

Dole ya kira Salmanu mai gyaran wuta daga Gyallesu. Salmanu ya ga wayoyin ya yi salati. Ya kafa wani ɗan akwati a gefen injin mai maɓalli biyu, kore da ja. Ya ce kore kunnawa, ja kashewa.

"Kuma Malam, babban amfaninsa shi ne in an ɗauke wuta aka dawo da ita, injin ba zai tashi da kansa ba sai ka danna kore."

Gogan ya yi ta gyaɗa kai. Hankalinsa na kan kyan akwatin, har yana goge shi da hularsa.

Washegari da hantsi aka ɗauke wuta. Ya koma benci yana jiran ruri. Shiru. Ashe ko awa ɗaya ba a yi ba aka dawo da ita. Shi dai yana zaune, Nagoda na ta ƙona fetur a janareta, mai injin niƙa na layin ya kishingiɗa a kan buhu. Wani ɗan acaɓa ya ce musu ai akwai wuta tun ɗazu, gogan ya ce sai dai a can layinsu. Aka nuna masa fankar masallaci tana juyawa, ya ce iska ce.

Sai a kwana na biyu mai niƙa ya jingina da makunninsa bisa kuskure, injinsa ya tashi. Nan fa layi ya taso wa kafinta. Nagoda ya ce shekara goma suna dogara da shi, yanzu ya kawo baƙon akwati ya rufe wa injin baki.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ɗauko kusa mai inci huɗu, ya kafa ta a katakon da ke bayan akwatin, ya lanƙwaso ta da guduma ta danne kore ta zauna daram. Ya karkaɗe hannu ya ce ya gyara wa Salmanu aikinsa.

Ranar Asabar ya dawo daga raɗin suna a Hanwa, cikin babbar rigar nan, sai ƙamshi yake. Babu wuta. Ya biya shago ɗaukar tef ɗin awo, ya miƙa hannu ta saman injin, sai ga wuta. Zarto ya cafki gefen riga. Allah ya taimake shi, ya kai yatsa kan ja, injin ya tsaya, haƙoran zarto na riƙe da shadda. Ya ɗan ɗaga yatsan, injin ya yi gurnani ya ƙara jan taƙi guda. Ya mayar da sauri. Kusa na danne da kore, shi yana danne da ja.

Mutane suka taru. Nagoda ya zo da almakashi zai yanke gefen rigar.

"Kar ka soma! Gara ka yanke ni."

Aka ce ya tuɓe, ba hali, hannun da ke kan maɓalli yana cikin rigar. Aka ce wani ya karɓe shi dannawa, kowa ya ce yana da iyali. Aka ce a cire wayar layin daga turken wuta, Nagoda ya ce yana da kai rabi a aske, mai niƙa ya ce ga robobin gero sun yi layi.

Haka ya tsaya. Ranar kuwa kamar da gayya, wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Duk Tudun Wada ana sa wa masu wuta albarka, shi kaɗai yake roƙon Allah ya sa a ɗauke. Aka ba shi kunu a baki. Da azahar liman ya leƙo ya ce ya yi sallarsa da ishara. Yatsa ya sandare, gumi ya jiƙa shadda sharkaf.

Aka aika a kira Salmanu, ashe yana aiki a Dutsen Abba, bai iso ba sai bayan la'asar. Yana sa ƙafa a shagon aka ɗauke wuta. Gogan ya saki maɓalli ya yi hamdala. Aka lallaɓa aka zare rigar daga haƙoran zarto, sai 'yan huji da guga za ta ɓoye. Gogan ya haye teburin injin ya zauna yana haki, rigar ta bazu a kan zarto.

Salmanu ya ga kusar, ya dube shi. Ya zaro filaya zai cire ta. Gogan ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

"Bar ta, Malam Salmanu. In ka cire, ta yaya zan san an kawo wuta?"