Ranar da Turare Ya Ɓatar da Ni

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na yi wanka sau uku ba, ko da kuwa zan manta sunana.

Shekarata tara ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a sashen da ake jiƙa ɗanyar fata a cire mata gashi. Warin wurin yana shiga farce, ya shiga suma, ya bi ka har cikin filo. Idan na shiga adaidaita sahu, sai kowa ya tuna yana son shan iska ta gefe. Na saba. Ɗaki ɗaya nake haya a Panshekara, daga ni sai risho sai rediyo, iyalina kuma suna can Kagoro. Sau ɗaya a wata biyu nake leƙa su, daga tashi aiki sai tasha.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yata Rahila, mai shekara shida. Idan na kira waya uwarta ta miƙa mata, sai ta ce "Ina wuni" kamar tana gaida hedimasta, ta mayar da wayar. Idan na je gida ma ɓuya take yi a bayan uwarta, sai can da yamma ta lallaɓo ta cusa fuska a rigata ta yi barci. Ban taɓa tambayar kaina me ke jawo ta ba. Tsorona ɗaya ne, kar yarinyar nan ta girma tana ɗaukata baƙon da ke kawo biskit.

Sai na ji an ce 'yan wasan nan masu yawo gari-gari sun kafa ƙaton tanti a wani fili a Bompai, masu tafiya a kan igiya da hura wuta da baki. An yi hutun makaranta, na ce wa matata Saratu ta kawo Rahila. Na ƙudurta a raina cewa ranar yarinyar za ta ga ubanta fes, uban da za a nuna wa ƙawaye.

Na dirje jikina da soso da sabulun wanki, na bi da lemon tsami, na sake komawa. Maƙwabcina Malam Sani ya ara mini farin kaftani, matarsa ta turara shi da turaren wuta, ya kuma ba ni kwalbar turare ya ce, "Ɗan kaɗan ya isa." (Ni da ban san kaɗan ba, sai da na ga rabin kwalba.)

A tasha Saratu ta yi atishawa sau biyu kafin ta gaishe ni. "Baban Rahila, ango ka zama ne ba mu da labari?" Rahila kuwa ta durƙusa ta ce "Ina wuni," ta zauna can ɗaya gefen uwarta.

A ƙofar tantin na hango Ɗanjuma, abokin aikina a sashe ɗaya, ya taso daga aikin safe ko riga bai canza ba, yana riƙe da hannun ɗansa. Ya ɗaga mini hannu yana washe baki. Allah ya yafe mini, sai na kara waya a kunne na juya baya. Babu wanda ya kira ni. Kawai ban so warinsa ya taɓa kaftanin aro ba.

Wasa ya yi kyau, gaskiya. Da wata mata ta hau igiya can sama, Rahila ta tsorata ta damƙe zanen uwarta. Na miƙa mata hannuna, ta ɗebi guggurun da ke ciki ta bar mini hannun. Mutane cike da tanti, matata da 'yata a gefena, amma kaɗaicin da na ji ya fi na ɗakina.

Can sai wani ɗan barkwanci mai jan hanci da faskeken takalmi ya fito da makirfo, ya ce yana son uba biyar, kowa da ɗansa. Kafin ya rufe baki na ja Rahila mun sauka. Ɗanjuma ma ya fito, ya tsaya a ƙarshen layi. Dokar wasan ita ce a ɗaure wa yara ido, iyaye su yi gum, kowane yaro ya lalubo ubansa.

Ɗan Ɗanjuma ko lalube bai yi ba, kai tsaye ya nufe shi. Saura ma suka gano nasu. Ya rage Rahila. Ta taho tana miƙa hannuwa, ni kuma na buɗe nawa. Ta taɓa kaftanin. Ta sunsuna. Ta yi atishawa irin ta uwarta, ta wuce.

Ta wuce ni! Ta bi layi har ƙarshe, ta cusa fuska a rigar Ɗanjuma, ta rungume shi ta ce da ƙarfi, "Baba!"

Mai jan hanci ya kwance mata ƙyallen, ya nuna ni. "Yarinya, ga babanki can fa. Me ya sa kika bar shi?" Ya kai mata makirfo baki.

Ta dube ni, ta dubi Ɗanjuma, idonta ya kawo ruwa. "Babana warin fata yake yi. Wancan ƙamshi yake yi kamar matar fasto."

Tanti ya ɗauki dariya, har masu ganga suka daina kiɗa. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar fili cikin farin kaftani, hannuwa a buɗe, na manta in sauke su. Ɗanjuma ya riƙo ta ya kawo mini. "Karɓi 'yarka, abokina, ni ɗaya ya ishe ni." Ya matso kusa da kunnena ya ƙara da cewa, "Ka gama wayar?"

Har muka koma Panshekara Saratu tana toshe baki da gyale wai tari take yi. Ina shiga ɗaki na tuɓe kaftanin, na zari tsohuwar rigar aikina daga jikin ƙusa na saka, na fito na zauna a benci ina kallon kaji. Kunya ta tafi, abin da ya rage ɓacin rai ne zalla.

Sai na ji motsi a gefena. Rahila ce. Ta sunsuna kafaɗata, ta hau cinyata, ta cusa fuska a rigar.

"Baba," ta ce, "ina ka je ɗazu?"

Na rungume ta, na riƙe ta sosai.

Ranar Litinin da za su koma ta kafe sai an ba ta rigar nan. Saratu ta ce motar haya za a shiga, za a zage su. Rahila ta fashe da kuka, aka ƙulle rigar a leda biyu aka tafi da ita. Na dawo daga tasha na tarar da ƙusa babu komai, na mayar wa Malam Sani kaftaninsa da sauran turarensa, washegari na nemi Ɗanjuma na ba shi haƙuri.

Darasin da na koya shi ne, kafin ka goge wani abu daga jikinka, ka fara tambaya ko da shi ake gane ka a gida. Yanzu idan na shiga adaidaita mutane suka matsa, ba na sunkuyar da kai. Gyara zama nake yi in miƙe ƙafa, don na san akwai wata a Kagoro da ba ta barci sai da wannan warin.