Maigidana Ya Rasu, Amma Bai Tashi Daga Aiki Ba

Jiya na sake hawa benen ofishin su marigayi maigidana, karo na biyar, ina neman takarda guda da za ta ce ya rasu. Katin asibitin ƙaramarmu mai sikila ya ƙare, kuma an ce ko dai ubanta ya zo da ƙafarsa ya sa hannu, ko in kawo takardar daga wurin aikinsa.

Mai Girma Sarkin Hatimi, mai buga wa takardun ofishin hatimi, ya gyara gilashi, ya leƙa kwamfuta.

"Baiwar Allah, ai mijinki yau da safe ma ya yi aiki sau goma sha tara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gabana aka fita da shi, wata bakwai ke nan. In ya dawo, a gaya masa famfon gida na yoyo."

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na riƙe abin da marigayi ya taɓa gaya mini ina ninke masa riguna. Wai ofis na hayar wasu kwamfutoci da ba a ganinsu, suna can wurin da ake ce wa gajimare. A tashe su, su harhaɗa manhajar ofis, a sallame su. Kowace kuma sai da lasisin tsarin da ke tuƙa ta, kamar direba. Manya suka sayi lasisi tamanin, alhali kwamfutocin shida ne. Har kwamiti suka tura ƙasar waje, wai duba gajimaren. Allah ya saka musu, sun dawo da turare. Da aka zo cike fom kuwa, kowa na taro, sai aka sa sunan maigidana, bawan Allah, da lambar wayarsa. Duk tashin kwamfuta, shi ake rubutawa ya yi aiki.

Ashe duk ranar da suka rubuta ya mutu, sai lasisi ya bi shi, kwamfutoci su tsaya, a fara tambayar ina sauran saba'in da huɗu. Shi ya sa yake raye. A allon ƙofa ma hotonsa ne: gwarzon ma'aikaci na wata, bai taɓa makara ba.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta ce, "Yaya, ki gode Allah. Nawa yana numfashi, amma ko buta ba ya ɗagawa."

Yau kuma ga Sarkin Hatimi a ƙofata, da sabuwar murya. Wai lokacin sabunta lasisi ya yi, lambar sirri ta shigo wayar marigayi, in taimaka in ba su wayar.

Wayar da nake kunnawa in ji yana cewa in ajiye masa abinci? Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mai wayar yana raye. Ku tambaye shi."

Ya share gumi. Na ƙara da cewa lambar tana nan, kuma idona kan buɗe sosai idan na ga hatimi a kan takarda.

Kafin la'asar takarda ta iso, hatimi har biyu. Allah ya jiƙanka, Baban yara. Yau dai an tashe ka daga aiki.